Fihirisar Rumbun Manhaja

A makarantun karkara irin na Masama, cikin ƙasar Gwandu, kuɗin intanet na da nauyi. Dabara ita ce a sauko da ƙunshin manhajojin Debian sau ɗaya, a tara a kwamfuta guda, sauran su riƙa ɗiba. Sai dai apt, wato mai girka manhaja, fihirisa kaɗai yake karantawa. Umarnin dpkg-scanpackages ke bin kowane ƙunshi, ya rubuta sunansa, girmansa, mazauninsa da manhajojin da ya dogara da su, cikin fayil mai suna Packages. Ƙunshin da aka ƙara ba a sabunta fihirisa ba, tamkar babu shi ne. Saboda haka malami ya maimaita umarnin, sannan kowace kwamfuta ta yi apt update.