Ƙawata ɗakinki da busassun rassan kaka

Ruwa ya janye daga fadamun Miga, an girbe gero, an kafa riɗi yana shan rana, shinkafa kuma ta sunkuya. Daga Oktoba zuwa Nuwamba kayan ƙawata ɗaki suna nan zube a gona da bakin Kogin Haɗeja, ba mai kula su. Irinsu ne kuwa ake sayarwa da tsada a shagunan kayan ɗaki na birni. Ke ba sai kin saya ba. Aikinki shi ne zaɓe, busarwa da raba su da ƙwari. Ga yadda za ki yi.

1. Gobe da safe, bayan raɓa ta ɗauke, ki ɗauki wuƙa mai kaifi da tsohon buhu. Nemi karan riɗin da aka riga aka kakkaɓe, don kwansonsa a buɗe yake, yana da kyau, kuma ba ki rage wa kowa amfanin gona ba. Haɗa da kan gamba, da kyasuwa mai jan gashi, da 'yan zangarniyoyin dawa ko shinkafa. A fadama ki duba giyayya, busassun ƙwallayenta suna daɗewa a reshe ba su zuba ba. In hunturu ya ɗan shiga za ki samu 'ya'yan bagaruwa masu kama da carbi, da na kalgo. Gonar wani ce? Ki yi sallama ki tambaya. Kada kuma ki sari ɗanyen reshe, wanda ya bushe ya faɗo ya ishe ki.

2. Kacala, wato doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ita ce ta fi duka, kuma ita ta fi buƙatar hankali. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin nan ta canja, ciyawar ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa tun daga nan har dausayin Haɗeja da Nguru. Manomi da masunci ba sa ƙaunarta, kuma suna da gaskiya. Amma kan nan nata dogo, ruwan ƙasa, mai laushi, a cikin tulu ba abin da ya kai shi kyau.

Ki zaɓi wanda bai gama nuna ba, wato mai tauri in an matsa. Wanda ya tsufa fashewa yake yi, audugarsa ta cika miki ɗaki har cikin abinci. Kada ki shiga ruwan da kanki, kada kuma ki tura yara: akwai macizai, akwai tsargiya. Ki roƙi wani masunci mai kwalekwale ya yanko miki goma da dogon kara. Da ta bushe, ki jiƙa ƙaro a ruwan ɗumi ya narke tsululu, ki shafa wa kan da gashin kaza ko ƙaramin burushi, ki bari ya sha iska. Wannan ne zai riƙe audugar. Man feshin da ake ƙame gashi da shi ma yana yi.

3. Tumfafiya ki bar ta a inda take, nononta yana cutar da ido. Ƙarangiya da duk reshe mai ƙaya su ma ba su da wuri a gidan da yara ke rarrafe. Kafin ki sa hannu a tarin kara, ki tona shi da sanda saboda kunama.

4. A inuwa ake busarwa. Rana tana cinye launi, ta sa kara ya riƙa karyewa. Tsige ganyen ƙasa, ɗaura biyar-biyar da zare ko kaba, ki rataye su kai a ƙasa a rumfa ko zaure inda iska ke ratsawa. Mako biyu ya isa a wannan lokaci. In kin lanƙwasa kara ya ce ƙas, ya yi.

5. Wannan mataki shi ake yawan tsallakewa, shi ne kuma ke hana kuka daga baya. Busasshen itace yana zuwa da ƙwarin da ke huda katako, kuma daga reshe sai su koma kan gado da kabad. Ki kankare ɓawon, ki zuba rassan da 'ya'yan itacen a baƙar leda babba, ki ɗaure bakinta tam, ki ajiye a tsakar rana kwana uku kina juyawa. Zafin zai gama da su. Duk reshen da kika ga yana zubar da gari ta ƙananan ramuka, murhu ne wurinsa. Zangarniya mai tsaba kuwa tana kiran ɓera, don haka ki rage ta zuwa biyu ko uku, ki sa ta a sama.

6. Mazubi yana gidanki. Tulun da ya tsage ya daina riƙe ruwa, tsohuwar randa ƙarama, kwalbar da kika naɗe da igiyar rama, ko gwangwanin madara da aka lulluɓe da ƙyallen atamfa. Zuba busasshen yashi zuwa rabi don ya yi nauyi, ya kuma riƙe kara a tsaye. Ki ɗora shi kan siminti, tayil ko tebur. A kan daɓen ƙasa ko jikin bangon ƙasa gara za ta same shi cikin 'yan kwanaki.

7. Wajen jerawa, kaɗan ya fi yawa kyau, kuma a nan ne na fi so ki saurare ni. Dogaye uku ko biyar a baya, matsakaita a tsakiya, gajeru su leƙo ta bakin tulu. Mafi tsawo ya kai tsawon mazubin sau ɗaya da rabi. Kada ki daidaita kawunansu, ki bar wani ya ɗara wani. Kusurwa ɗaya a falo ta isa. In bangonki ruwan ƙasa ne rassan za su ɓace a jikinsa, sai ki shafe biyu da farar ƙasa ko ki fesa musu fenti ruwan gwal a waje, inda iska take.

8. Furen roba yana da amfani in ba a cika shi ba. In za ki saya a Haɗeja ko Sabon Garin Kano, ɗauki mai waya a cikin kara don ki iya lanƙwasa shi, kuma launi ɗaya tak: ja mai duhu, ruwan goro ko fari. Ki raba damin, ki soka reshe biyu ko uku tsakanin busassun. Na gonar su za su sa na robar ya zama kamar na gaske. Nisanta shi da taga, don rana tana koɗar da shi.

9. Busasshen kara da wuta ba sa zama ɗaki ɗaya sai da tazara. Kaskon turare, maganin sauro na kunnawa, kyandir, risho, soket ɗin da ke tartsatsi, duk ki ba su aƙalla taku uku. Ga amare musamman: kada a ajiye tulun kusa da labule.

10. Ƙurar hunturu za ta zo. Sau ɗaya a mako ki fita da tulun waje ki fifita shi da mafici. Na roba ki cire ki wanke da ruwan sabulu, ya bushe sarai kafin ki mayar. Ruwa kada ya taɓa na gonar.

Da gajimaren farko na damina ya taso, ki sauke su, don danshi zai sa su fumfuna. Rassan da ba su lalace ba ki naɗe a takarda ki adana. Kacala kuwa ki ƙone ta a murhu, kada ki zubar a kwata ko bakin kogi, domin kai ɗaya yana ɗauke da dubban iri, kuma iska da ruwa za su kai su gonar wani.