Darasin Lafiya: Dishewar Muryar da Ba ta Mura Ba

A cikin maƙogwaro akwai wasu 'yan tsokoki biyu da ke buɗewa da rufewa kamar ƙyamare. In mutum zai ja numfashi sai su buɗe. In zai yi magana sai su haɗu, iska ta kaɗa su, murya ta fito. In zai haɗiye abu kuma sai su rufe, don kada ya faɗa hanyar huhu.

Kowace tsoka da jijiyar da ke motsa ta. Ta hagu ta fi tsawo, domin sai ta gangara ƙirji, ta zagaya babbar jijiyar jini kusa da zuciya, sannan ta dawo wuya. Shi ya sa ta fi yawan samun lahani. In jijiyar ta taɓu, tsokar sai ta shanye.

Abin da ya fi jawo haka shi ne aikin tiyata a wuya ko ƙirji, musamman na maƙoƙo. Akwai kuma ciwon daji a huhu ko wuya, da tarin fuka, da rauni. Wani lokaci likita ya bincika bai ga dalili ba.

Mai wannan ciwo muryarsa takan dishe, ta riƙa fita da iska. Yakan gaji da magana, ya ƙware in yana shan ruwa, tarinsa kuma ba ƙarfi. A karkara akan ce sanyi ne, ko a kai shi wurin wanzami a cire belu. Belu ba ruwansa da wannan, asarar jini kawai za a yi. Dishewar da ta wuce mako 4 ta likitan kunne da hanci da maƙogwaro ce, shi ke da na'urar leƙawa.

In jijiyar ba tsinkewa ta yi ba, takan farfaɗo da kanta. Don haka likitoci kan jira wata 6 zuwa 12 kafin aiki na dindindin. Kafin nan ana koya wa mai ciwon motsa murya da dabarar haɗiya, ko a yi wa tsokar allurar da za ta cika ta. In ba ta dawo ba, sai a yi aiki a matso da ita tsakiya, mai lafiyar ta riƙa cim mata.

Amma in duka biyun suka shanye, numfashi ke toshewa, har a ji yana ƙara. Wannan ba ya jiran gari ya waye, a nufi asibiti nan take. Wani sai an buɗa masa ƙofa a gaban wuya kafin ya sami iska.