ABIN DA ZA A NUNA WA BAƘO A ƘASAR ƘARAYE DA ROGO

Darasi domin Hakimai da Malamansu

Sau da yawa baƙo yakan sauka a ƙofar Hakimi, ko ɗalibi mai binciken tarihi, ko ma'aikacin Gwamnati da ya zo rangadi, bayan an gaisa ya tambaya ko akwai abin kallo a ƙasar. Akasari amsar da akan ba shi ita ce, "Ai nan ƙauye ne, sai ka je birni." Wannan amsa kuskure ce, kuma tana jawo hasara. Abin da mutanen gari suka raina, yaransu ba za su kula da shi ba, har ya lalace ko wani ya saye shi da araha ya yi gaba. Nufin wannan darasi shi ne a bayyana abin da ƙasar Ƙaraye da Rogo ta mallaka, da aikin da ya hau kan Hakimi da malaminsa wajen tsare shi.

1. Misali daga bakin teku

A yamma da Ikko akwai wani tsohon gari a bakin ruwa, ana ce da shi Badagiri. Ba shi da girman Kano, amma baƙi suna zuwa cikinsa daga ƙasashe masu nisa. Suna zuwa ne su ga bene da 'yan mishan suka gina a 1845, da sarƙoƙin zamanin cinikin bayi, da wurin da ake haye ruwa da bayin zuwa gaɓar teku. Gidan kayan tarihin garin ba sabon gini ba ne, tsohon ofishin Di'o ne aka gyara. Wasu kayan kuwa suna hannun zuriyar sarakunan garin, a ɗakunan gidajensu ake nuna su.

Abin lura a nan shi ne, mutanen Badagiri ba su ƙirƙiro kome ba. Abin da suka gada suka tattara, suka rubuta labarinsa, suka sa wanda zai yi wa baƙo bayani.

2. Ruwan Calawa

Ƙaraye ba ta bakin teku, amma tun 1992 ta zama garin bakin ruwa. A shekarar nan aka gama madatsar ruwa ta Calawa, wadda aka fara a 1990. Tsayinta sama mita 42 ne, tsawonta ya kusa kilomita 8, tana kuwa iya riƙe ruwa fiye da mita miliyan 900 na awon murabba'in ciki. Daga nan kogin Calawa yake gangarawa ya haɗu da kogin Kano, su zama kogin Haɗeja. Saboda haka yawan ruwan da aka saki a Ƙaraye yana shafar manomi da masunci har fadamun Haɗeja da Nguru.

Baƙon da ya isa bakin ruwan da sassafe zai tarar da masunta suna dawowa a kwalekwale da karfasa da tarwaɗa, masu sari suna jira a gaɓa. Da rani zai ga lambuna kore shar, alhali daji ya bushe. Amma ruwa ba ya wasa. Kada a bar baƙo ya shiga jirgi sai da sanin Sarkin Ruwa, da rigar da ke hana nutsewa, kuma ban da bayan faɗuwar rana. A gargaɗe shi kada ya yi wanka a gefen da ruwa ke kwance, don gudun tsargiya. Hatsari guda ya isa ya ɓata sunan wuri shekaru da yawa.

Akwai kuma wani aiki da ya fi gaggawa. Da aka tare kogin, ruwa ya ci gonaki da mazaunai, mutane suka tashi suka koma tudu. Waɗanda suka san inda kowace unguwa take, da sunanta, da wanda ya kafa ta, yanzu sun manyanta. In ba a rubuta daga bakinsu ba, to, labarin zai bi gidajen cikin ruwa.

3. Karofi da masaƙa

A ƙarni na 19 ƙasar nan tana cikin yankin saƙa da rini wanda ya tashi daga kudancin Kano ya shiga arewacin Zazzau. Zarewa, da Beli, da Fulatan, waɗanda yau suke cikin Rogo, sun yi suna wajen rini, haka ma ita Ƙaraye. Bajamushen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano suna kai wa har Tarabulus da Tambutu. Ba a cikin birni kaɗai aka yi wannan aiki ba, garuruwan karkara irin waɗannan suna da babban rabo a ciki.

Ya kamata malamin Hakimi ya san yadda aikin yake, don ya iya bayyana shi. Mata ne ke gurza auduga, su kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya saƙa shi ƙwarya ƙwarya, maɗinki ya haɗa. A karofi marini yakan zuba baba da toka da katsi a rijiyar da aka shafe da laso, ya cika ta da ruwa, ya bar ta kwanaki tana tsima, yana motsawa da muciya har ta nuna. Sa'an nan a riƙa tsoma tufa ana fitarwa tana shan iska, gama iska ce ke fito da launin. Daga nan sai mabuga, inda ake buga shuni a jikinta bisa gungume har ta yi ƙyalli.

Yadin masaƙun zamani da rinin kanti sun kashe kasuwar wannan sana'a. Karofi da yawa sun zama kufai, wasu an cike su da shara, wasu an yi gini a kansu. Wajibi ne dagatai su kawo lissafin inda kowace tsohuwar marina take, da yawan rijiyoyinta, da gidan da ya gaje ta. Inda masu wuri suka yarda, a kewaye ko da rijiya biyar ne, a rufe bakinsu don kada yara ko dabbobi su faɗa.

4. Ɗakin nuna kayan hannu

A birnin Kano akwai Gidan Makama, wanda asalinsa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ne, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. A ciki ana nuna ƙyamaren tsofaffin ƙofofin birni, da makamai, da tufafi. Akwai kuma Gidan Ɗan Hausa, inda aka fara makarantar boko ta Kano a 1909. Dukansu tsofaffin gidaje ne aka mai da su wurin nuni. Yana da kyau kowane malamin Hakimi ya ziyarce su, gama gani ya kori ji.

Gunduma ba ta bukatar abin da ya kai wannan. Soro guda mai rufin kirki, wanda ba ya yoyo, ya isa a fara. A raba kayan gida biyu. Kashi na farko tsofaffin kaya ne, na kallo kawai: riga saƙi, da turkuɗi, da akushi, da sirdi da linzami, da allon zayyana, da kayan aikin marina da maƙera. Kashi na biyu sabon aiki ne na sayarwa: hula, da faifai, da tabarma, da ƙwarya mai zane, da tukwane, da aikin dukawa. A rubuta sunan mai aikin da garinsu a jikin kowane, kuɗinsa kuma ya shiga hannunsa. Kada a raina wannan. Ladi Kwali maginiyar tukwane ce ta karkara, aikin hannunta ya kai ta Ingila da Amurka, ga hotonta nan a jikin takardar naira 20.

Abokan gaban tsofaffin kaya uku ne: gara, da laima, da rana. Kada a ajiye su a ƙasa, kada a jingina su da bango, kada a rataye tufa inda rana ke dukanta. Kada kuma a wanke tsohon abu ko a shafa masa fenti don ya yi kyau, tsufansa shi ne darajarsa.

5. Littafin rajista

Wannan shi ne ainihin aikin malami. Kowane abu da ya shigo a ba shi lamba, a rubuta sunansa, da wanda ya yi shi in an sani, da garin da ya fito, da amfaninsa, da ranar da aka karɓa. A bayyana ko kyauta ne ko aro. In aro ne a ba mai shi takardar shaida da sa hannun Hakimi, kuma duk ran da ya nemi abinsa a mayar masa ba gardama. Kada a karɓi kome da tilas. Ran da talakawa suka ji an ƙwace takobin kakan wani, daga ranar kowa zai ɓoye nasa.

Abin da dattijo ya faɗa a rubuta shi yadda ya faɗa, da sunansa. In wani ya kawo ruwaya dabam, ita ma a rubuta, kada malami ya zaɓi wadda ta yi masa daɗi.

6. Abin da doka ta ce

Tun 1953 aka kafa dokar kayan tarihi a Nijeriya, aka sabunta ta a 1979, lokacin da aka kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. A dokar nan aikin hannu na gargajiya da aka yi kafin 1918 kayan tarihi ne. Ba a cinikinsa sai ta hannun wanda Hukuma ta amince wa, ba a fita da shi ƙasar waje sai da izni. In manomi ko mai haƙar rijiya ya tono tukwane ko wani abin mutanen da, a tsai da haƙa, a sanar da Hukuma. Kayan Nok, waɗanda duniya ta san Nijeriya da su, masu haƙar kuza ne suka fara tono su.

Tun 2024 Ƙaraye da Rogo ne ƙasar Masarautar Ƙaraye. Saboda haka ya dace kowace gunduma ta aika da kwafin rajistarta fada sau ɗaya a shekara, don in gobara ko gara ta ci ɗaya, ɗaya ya tsira.

Tambayoyi

1. Waɗanne sharuɗɗa za a cika kafin baƙo ya shiga jirgi?
2. Me za a rubuta a rajista game da abin da aka kawo aro?
3. Tsofaffin marina nawa ne a gundumarku, rijiya nawa kuma suka rage ba a cike ba?