FITILAR MOTA: ƘARFIN HASKENTA DA YADDA A KE DAIDAITA TA

Darasi domin Hakimai da Malamansu na ƙasashen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa

1. Dalilin wannan darasi

Mutanen Yako, cikin ƙasar Ƙiru, da na garuruwan da ke kewaye da ita, sun san mota ba ta barci a wannan yanki. Manyan hanyoyi biyu sun ratsa shi: ta Kano zuwa Zariya, da kuma wadda ta rabu da ita a Kwanar Ɗangora, ta bi ta Tudun Wada, ta keta dajin Falgore da ƙasar Doguwa, ta nufi Jos. Da kaka motocin hatsi su kan kwana suna tafiya, alhali kuwa a gefen hanya akwai masu keke, da amalanke, da garken shanu. Ran waɗannan duka yana rataye ga abin da direba ya iya hangowa. Saboda haka ya kamata kowane Hakimi da Malaminsa su san sha'anin fitila, domin su gargaɗi jama'a da sani.

2. Haske iri biyu

Kowace mota tana da haske iri biyu. Akwai dogo, wanda direbobi ke kira ful, shi ne na hango nesa sa'ad da hanya ba kowa. Akwai gajere, watau dim, wanda a ke saukowa gare shi in an hango wata mota, ko ana bin bayanta, ko an shiga gari. Cikin hazo ma gajeren ya fi, gama dogon ya kan bugi ƙura ya komo idon mai shi.

Ga lissafi. Motar da ke gudun kilomita 80 a sa'a tana cin mita 22 cikin daƙiƙa guda. In haske ya kashe wa direbanta ido daƙiƙa 3 kawai, to, ya yi mita 66 yana tuƙi a makance.

3. Ƙwan fitila da masu sauya shi

Ƙwan da a ke kira halojin ya fara shiga motoci a ƙasashen Turai cikin 1962. Irin wanda ya fi yawa a tasoshi, mai lamba H4, yana cin wat 60 a dogon haske, 55 a gajere. Cikin 1991 kamfanin BMW na Jamus ya fito da fitilar zenon, wadda ta ninka halojin haske wajen sau biyu ko fi. Fitilar LED kuwa ta shiga gaban mota cikin 2007.

Ga inda kuskure ya ke. Bayan kowane ƙwai akwai kasko mai sheƙi, shi ke tattara haske ya jefa shi kan hanya, an kuwa ƙera shi daidai da wurin da zaren ƙwansa na asali ya ke. In aka cusa ƙwan zenon ko na LED cikin kaskon halojin, sau da yawa hasken ba ya fitowa daga wannan wuri, sai ya watsu sama da gefe. Mai mota ya ga gabansa ya yi fari fat, yana murna, bai san nesa ta ƙara yi masa duhu ba, mai zuwa kuma ya makance. Haka nan ƙwai mai wat 100 ya kan ƙona waya, ya narkar da mazauninsa.

Wanda fitilarsa ta dushe, sai ya fara da abin da ba shi da tsada: a wanke gilashi, a goge shi in ya yi ja, rewaya ya duba waya ko ta yi tsatsa, sa'an nan a sa sababbin ƙwai biyu masu lamba ɗaya da na dā. Kada a taɓa gilashin ƙwan halojin da yatsa, gama maiƙon hannu yana gajarta kwanansa.

4. Canjin hannu

Ran 2 ga Afrilu, 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama. Gajeren haske kuwa ba a miƙe ya ke ba: a ƙasar da ke bin dama, ya kan kwanta ta hagu domin kada ya dami mai zuwa, ya ɗaga ta dama domin a ga masu tafiya a gefe. Ingila da Japan suna bin hagu har yanzu, nasu fitilun sun ɗaga ta hagu ne. Motar da aka ƙera domin hanyoyinsu, ko da an juya mata sitiyari, in ba a sake fitilunta ba, cikin idon mai zuwa ta ke zuba haske. Wannan ba ya gyaruwa da murɗa kusa, sai an sake fitilar ɗungum.

5. Yadda a ke daidaitawa

Ba a bukatar kome sai bango, da shimfiɗaɗɗen fili, da gawayi, da igiyar awo, da sukudireba. Bayan magariba a ke yi.

(a) A sauke kaya, a cika iskar taya, direba ya zauna a mazauninsa.

(b) A kawo mota dab da bango, a yi alama da gawayi daidai tsakiyar kowace fitila.

(c) A ja da baya a miƙe, mita 10, watau wajen ƙafa 33.

(d) A ja layi santimita 10, watau wajen inci 4, ƙarƙashin alamun nan. A jikin fitilu da yawa maƙera sun rubuta nasu awon: in 1.0% ne, santimita 10 ke nan, in 1.3% ne, 13.

(e) A kunna gajeren haske, wani ya tsaya ya tare fitila guda. A murɗa kusar da ke bayan ɗayar, har bakin haskenta na hagu ya kwanta bisa layin. Da kusa ta biyu a ke kai gwiwar hasken, inda ya fara ɗagawa dama, ƙarƙashin alamar fitilar. Sa'an nan a yi wa ɗayar haka.

In an loda wa mota buhuna, bayanta ya kan zauna, hancinta ya ɗaga, haske ya tashi sama. Motoci da yawa suna da ɗan maɓalli mai lambobi kusa da sitiyari domin sunkuyar da fitila. Lalle direba ya san amfaninsa.

6. Iyakar fitila

Fitilar da ke santimita 70 daga ƙasa, in an daidaita ta a kan 1.0%, haskenta na taɓa ƙasa a mita 70. Amma mota mai gudun kilomita 100 a sa'a tana bukatar wajen mita 80 ko fi kafin ta tsaya cik, ko da birkinta na da kyau, hanya kuma a bushe. Ashe mai wannan gudu da gajeren haske, in ya ga saniya, ya riga ya makara. Maganin wannan rage gudu ne, ba ƙarin ƙwai ba. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

7. Abin da ya rataya a kan Hakimi da Malaminsa

Na farko, kafin kaka Hakimi ya tara shugabannin tasha, da makanikai, da rewayoyi, a karanta musu wannan darasi, a gwada a jikin bango kowa ya gani, gama gani ya kori ji. Na biyu, Dagatai da Masu Unguwa da Arɗaɗɗa su gaya wa masu amalanke da masu keke su liƙa abu mai ƙyalli a baya, makiyaya kuma su riƙe tocila in za su ƙetare da shanu. Na uku, Malami ya riƙa rubuta kowane haɗarin dare cikin littafi: rana, da sa'a, da wuri, da abin da shaidu suka faɗa game da haske. A riƙa miƙa wannan ga ofishin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1988, domin ta san kwanar da ta fi cin mutane.

Direban da ya sauke wa ɗan'uwansa haske, kansa ya yi wa, domin motar da ya makantar kansa ta nufo. Allah ya kiyaye hanya, amin.