Ba Kowane Sauro Ne Ke Kawo Zazzaɓi Ba

Kafin ka tafa wa sauron da ya sauka a bangon ɗakinka hannu, haska shi da tocila ka dubi zamansa. In ka ga ya dunƙufar da kai ƙasa, ya ɗaga gindi sama kamar an soka tsinke a karkace, ga ɗigo-ɗigon baƙi a fukafukansa, to Anofilis ne, mai kawo zazzaɓin cizon sauro. Macen ce ke cizo, galibi cikin dare. Shi ya sa nake nanata wa iyaye maganar gidan sauro mai magani. Anofilis ba ya son ƙazamin ruwa. Ƙaramin kududdufin damina da rana ke dukansa, ko sawun kofaton shanu, ya ishe shi ƙyanƙyasa.

Wanda ke zama a miƙe daidai da bango, ruwan ƙasa-ƙasa, Kuleks ne, ɗan kwatami.

Na ukun baƙi ne, ƙafafunsa da zanen fari. Wannan Edis ne, da rana yake cizo, yana yaɗa shawara da zazzaɓin dengi. Randa da tsohuwar taya ne mazauninsa. A rufe randa, a wanke cikinta duk mako, a kife gwangwanaye.