Shawarwari Bakwai Kan Adana Tarihin Gida a Ƙasar Funtua da Malumfashi

A Ingila gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa tun 1837, saboda haka Bature kan binciko kakan kakansa a takarda. Mu a nan, daga Maska zuwa Bakori har Kafur, kundinmu yana kan tsofaffi. Ga kuma ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da 'yan bindiga suka tarwatsa, dangin da ke gida ɗaya jiya yau sun watsu gari uku. Aikin nan ba ya jiran badi.

1. Fara da tsofaffin mata. Maza sukan riƙe layin uba kawai, amma Goggo da Inna su suka san wa ya auri wa, wa aka ba riƙo, wa ya sha nonon wa. Je da goronka bayan la'asar, ka nemi izini kafin ka kunna naɗar murya a waya. Ka kula da alkunya: tsohuwa ba za ta kama sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba, sai ta ce "Malam" ko "yaron nan". Kada ka matsa mata. Tambayi ƙanwarta ko kishiyarta. Kuma ka rubuta sunan yanka tare da laƙabi, domin Tanko da Ɗanladi da Mai-Auduga na iya zama mutum guda mai suna Muhammadu, a gidan da Muhammadu ya kai biyar.

2. Kada ka ce "Kaka, wace shekara aka haife ki?" Ce mata, "Lokacin da Sarki Dikko ya rasu kin yi wayo?" Sarkin Katsina Dikko ya rasu a 1944, Usman Nagogo ya gaje shi har 1981. Yunwar Kakalaba 1914 ce. Jirgin ƙasa ya iso Funtua a ƙarshen shekarun 1920. An koma tuƙi ta hannun dama a 1972, naira ta maye gurbin fam a 1973, aka yanke jihar Katsina daga Kaduna a 1987. Da waɗannan turakun za ka ɗaure shekarun mutum, kuskuren ba zai yi yawa ba.

3. Buɗe adakar tsoho da gafakarsa. Malamai da yawa kan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu da ajami a gefen littafi ko a ganyen ƙarshe. Akwai rasit ɗin haraji da na jangali, waɗanda Gwamna Balarabe Musa ya soke a 1979. Kowanne yana ɗauke da sunan mai gida da shekara. Akwai takardar rabon gado ta kotun alƙali, da ta cinikin gona, da katin aikin kamfanin gurzar auduga, da takardar sallamar soja ga gidan da kaka ya je yaƙin Bama. Ko wadda ta yage rabi kada a hura wuta da ita.

4. Rubuta abin da aka faɗa maka yadda aka faɗa, da sunan wanda ya faɗa da ranar. A nan ne nake son mu ji tsoron Allah. Kowane gida yana son a ce daga Borno ko Gabas ya taso, ko jikan malamin jihadi ne. Wani gaskiya ne, wani kuwa ƙawa ce. Yankin nan noma ne ya tara shi: wasu sun zo cin rani daga Daura da Damagaram suka zauna, wasu auduga da jirgi suka kawo su, wasu kakanninsu Maguzawa ne da suka musulunta, wasu a rinji aka haifi kakansu. Babu abin kunya a ko ɗaya, dukkansu da fartanya suka gina garuruwan nan. Idan Baffa ya ce daga Kano aka zo, Goggo ta ce daga Zazzau, rubuta duka biyun, ka bar wa na baya su auna. Abin da tsohuwa ta ce sirri ne kuwa, ya tsaya a littafi, kada ya hau Facebook.

5. Zana zanen fuskar tsofaffi a takarda, ka rubuta kirarin gidan da sana'arsa. Tsofaffin wanzamai da maroƙa sun san waɗannan fiye da masu su.

6. Abokan gaban takarda uku ne: gara, ɓera da danshin damina. Akwatin ƙarfe mai murfi, a ɗora shi kan bulo, nesa da bango. Sa kowace takarda a shimfiɗe tsakanin farar takarda biyu, ka zuba busasshen ganyen darbejiya a gefe. Kada ka manne tsohuwar takarda da roba mai zafi a shagon kwamfuta, zafin yana lalata tawada kuma ba ta ciruwa. Da rani ya shiga ka fito da su su sha iska a inuwa. Bayan hoto ka rubuta sunaye da fensir. Sannan ka ɗauki hoton kome da waya, ka tura wa 'yan'uwa aƙalla biyu a wasu garuruwa, domin gobara ko hari ba sa cin gida uku rana ɗaya.

7. In na gida ya ƙare, fita waje. Mai unguwa da dagaci, sai fadar Sarkin Maska a Funtua ko ta Galadiman Katsina a Malumfashi, sun san zuwan gidaje da yawa. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna yana da fayil-fayil na Lardin Katsina, ciki har da rahotannin ƙididdigar haraji na gundumomi da Turawa suka rubuta, ga kuma Arewa House a garin. Da wuya ka ga sunan talaka a ciki, amma za ka ga ƙauyenku, da dagacinsa, da abin da ake nomawa. Tafi da sunan gundumar na dā, domin da shi aka jera takardun.