Jirgi, Jigo da Ƙyallen Iska: Kalmomin da Na Tsinta Wajen Haɗa Kwale-kwale a Suleja

Duk ɗalibin da ya zauna a darasin ilimin ma'ana ya ji misalin kalmar "jirgi" idan ana bayanin faɗaɗa ma'ana. Asalinta gungumen itace ne da aka rarake, a shiga ruwa da shi ko a shayar da dabbobi a cikinsa. Da layin dogo ya isa Kano a 1911 sai aka sami jirgin ƙasa, da abin hawa mai tashi ya sauka a Kano a 1925 aka sami jirgin sama, har ta kai uban gayyar sai an ce masa jirgin ruwa kafin a gane shi. Haka "komi" take: kwale-kwale ne, wurin cin abincin dabba ne, fangalin lambu ne. Abin da nake son in ƙara wa 'yan uwana ɗalibai a wannan maƙala shi ne abin da na gano game da kalmomin wannan sana'a lokacin da na haɗa ɗan ƙaramin jirgin katako mai tafiya da iska, a dogon zaman gida na wata takwas da muka yi a 2022.

Da farko dai Suleja ba garin ruwa ba ne. Mutanen Zazzau ne suka kafa shi a 1828 ƙarƙashin Abu Ja, yana amsa sunan Abuja har zuwa lokacin da aka ba sabon babban birnin tarayya sunan, shi kuma ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau. An san mu da tukwane, ba da fito ba, kuma Kogin Iku da ya ratsa gari duwatsu sun yi masa yawa. Masu jirgi na haƙiƙa a jiharmu suna bakin Kwara da Kaduna, kamar Kyadya na ƙasar Nufe da sarkinsu Kuta a Muregi, sai kuma Sarkawa can wajen Yawuri. Saboda haka malamaina biyu ne: wani kafinta a unguwarmu, da wani dattijo mai sayar da busasshen kifi wanda ya yi ƙuruciyarsa yana fito a tafkin Kainji.

Rigimar farko a kan aikatau aka yi ta. Na ce zan "ƙera" jirgi, dattijon ya ce ƙira ta maƙera ce, jirgi sassaƙa shi ake yi. Kafinta ya ce ai nawa ba gungume ba ne, haɗa shi za a yi. Duk sun yi gaskiya, domin sana'a biyu ce. A bakin dattijon kusan komai Hausa ce tsantsa: a sare maɗaci ko rimi da gatari, a rarake cikinsa da gizago, a tura jirgi da gwangwala inda ruwa bai da zurfi, a tuƙa da filafili inda ya yi zurfi. Mai karatu ya lura cewa wannan "tuƙa" ita ce ta tuwo, ita ce kuma direba ya gada. A shagon kafinta kuwa aro ya yi yawa, tun daga sunansa: inci, hama, sukuru, gam, fenti, kwalta, filawud. Kalmomin kawai sun isa su nuna wa mai nazari wace sana'a ce ta girmi wata.

Ga yadda aikin ya kasance a taƙaice. Fallen filawud ƙafa 8 ne a tsawo, 4 a faɗi, shi ya ƙayyade mini tsawon jirgin. Ba ni na fara wannan dabara ba. A 1947 wani Ba'amurke mai suna Clark Mills ya tsara jirgin yara da ake kira Optimist bisa wannan awo, kuma har yau da shi ake koya wa yara tuƙi da iska a ƙasashe da dama. Muka yi ƙashin jirgin da katakon malaina saboda rashin nauyinsa, muka lanƙwasa filawud a kansa, muka ɗaure da gam da sukuru, muka cusa auduga a kowace mahaɗa muka bi ta da narkakkiyar kwalta, sannan fenti mai mai har sau uku.

Akwai lissafi guda da ya kamata ko ɗan Hausa zalla ya riƙe. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma jirgi yana nitsewa ne har sai ya ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa da na kayan da ke ciki. Gindin jirgina santimita 240 ne a tsawo, 100 a faɗi. Idan ya shiga ruwa da santimita 10, ya ture kusan lita 240, wato zai ɗauki kusan kilo 240 har da nauyin kansa. Bangonsa kuwa santimita 40 ne. Ragowar da ke sama da ruwa ita ce rayuwar wanda ke ciki. Na tambayi dattijon sunan wannan rata, ya ce su "baki" suke cewa: jirgi yana da baki, ko ruwa ya kama baki.

Wannan ba wasa ba ne a jiharmu. A Mayun 2021 jirgin katako da ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara ta Jihar Kebbi ya nutse da mutane fiye da 100. A Yunin 2023 an rasa fiye da 100 a yankin Patigi, 'yan biki ne da suka taso daga Neja. Ranar 1 ga Oktoba, 2024 aka sake yi a Gbajibo ta ƙaramar hukumar Mokwa da masu zuwa Maulidi. Lodi fiye da kima da tafiyar dare sukan fito a bayanin irin waɗannan haɗurra. Wata rana wani daga cikinmu ne zai zauna a gidan rediyo yana fassara gargaɗi ga mutanen bakin ruwa. Idan ya ƙirƙiro wata doguwar jimla daga ƙamus alhali masu fito suna da tasu kalma, ya yi magana ne da kansa.

Inda harshe ya tsaya mini cik shi ne kan kayan iska. Dalilin a fili yake. A kogi ruwa ne ke jan jirgi, gwangwala da filafili su gyara masa hanya, daga baya inji ya zo. Waswahili kuwa, da suka yi ɗaruruwan shekaru suna bin iskar Tekun Indiya da jahazi, suna da "tanga" don ƙyallen da ke tare iska, "mlingoti" don sandar da ke riƙe shi, da "usukani" da suka aro daga Larabci don abin juya jirgi. Larabawa kuma suna ce wa ƙyallen "shira'i".

Sandar ba ta ba ni wahala ba. Na kafa gora, na kira ta jigo, kamar jigon masu lambu da ke tsaye bakin rijiya. Ɗalibin adabi zai yi murmushi, don shi ma a kan jigo yake rataye waƙa. Abin juya jirgi kafinta ya raɗa masa "jela", kuma ta zauna daram, tunda da ita kifi ke juyawa. Sai allon da ake zurawa ta tsakiyar gindi zuwa cikin ruwa. Aikinsa babba ne: iska idan ta bugo ta gefe, shi ke hana jirgi zamewa kamar kaguwa, ya tilasta masa yin gaba. Da taimakonsa ake iya nufar wajen da iska ke fitowa a karkace, a yi dama a yi hagu har a isa. Na ce masa allon ƙasa.

Ƙyallen kansa, wanda tela ya ɗinka mini da tamfol mai kusurwa uku, shi ya fi jawo gardama. Wasu masu fassara sukan ce masa filafili, amma a ganina an yi wa kalmar lodi irin na jirgin ranar kasuwa: matuƙin kwale-kwale filafili, na fanka filafili, na jirgi mai saukar ungulu filafili. A cikin jirgina akwai filafili na gaske, to in na ce wa abokin tafiya ya saki filafili, wanne zai saka? Yaran unguwa suka ce tuta, kafinta ya ce tanti. Ni na tsaya kan "ƙyallen iska", don ginin ya bi sawun jirgin ƙasa da agogon bango, suna da mahaɗi da suna. Dattijon da na gwada masa bai nemi bayani ba, ya dai tambaye ni buhu nawa za a farke idan babu kuɗin tamfol.